Ciwon Sanyin Fitsari: Tambayoyin da Aka Fi Yi da Amsoshinsu

Yawancin masu fama da wannan ciwo ba asibiti suke fara nufa ba. Akan fara raɗa wa ƙawa ko yaya, daga nan sai mai kemis na bakin layi, sai abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sannan a nemi likita. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake ta maimaitawa a wannan tsakani. Amsoshin ba za su tsaya a madadin ganin likita ba, amma za su sa mutum ya san abin da zai faɗa da abin da zai tambaya idan ya je.

Mene ne ciwon sanyin fitsari, kuma ina yake kamawa a jiki?

Ƙoda biyu ne ke tace jini su fitar da fitsari. Wasu siraran bututu biyu su sauko da shi cikin mafitsara, mafitsara ta tara shi, sannan ya bi ta bututun ƙarshe ya fita. Idan ƙwayoyin bakteriya suka shiga ta bakin wannan bututu, suka hau sama suka hayayyafa, to an kamu ke nan. Galibi a mafitsara ciwon yake tsayawa, kuma duk da azabarsa wannan shi ne mai sauƙi. In ya haura ya taɓa ƙoda, magana ta canza.

Ƙwayar da ta fi jawo shi sunanta E. coli. Tana zaune a hanjin kowa lafiya lau, ba ta cutar da shi a can, sai ta yi ɓatan kai ta faɗa hanyar fitsari. Ita ke da alhakin fiye da kashi 70 cikin 100 na ciwon a jikin matan da ba su da wata lalura. Sauran kuma irin su Klebsiella da Proteus ne.

Ta yaya zan gane shi ne ke damuna?

Zafi ko raɗaɗi lokacin fitsari, musamman a ƙarshensa. Yawan zuwa banɗaki, ka ji fitsari ya matse ka kamar zai zubo, ka je ka tsuguna sai ɗan ɗigo ya fito, kafin ka ajiye buta ka sake jin wani. Nauyi ko ciwo a mara. Fitsarin kan yi duhu-duhu kamar an dama wani abu a ciki, wani lokaci da wari, wani lokaci har da jini.

Wari ko launi kaɗai ba hujja ba ne. Wanda ya wuni cikin rana bai sha ruwa ba, fitsarinsa zai yi ja ya yi ƙarfi ba tare da wata cuta ba. Idan kuwa akwai zazzaɓi da ciwon kwiɓi, a tsallaka kai tsaye zuwa tambayar da ta yi magana kan gaggawa.

Ina fama da ƙaiƙayi da fitar farin ruwa, an ce min sanyi ne. Shi ne wannan ciwon?

Da wuya. Nan ne ma aka fi yin asarar kuɗi da lafiya, domin cututtuka daban-daban ake tarawa a kira su sanyi, a kuma nemi magani guda ya warkar da su duka. Ƙaiƙayi da farin abu mai kauri kamar cuku yawanci kandida ce, wata irin funfuna, kuma ba bakteriya ba ce sam. Antibayotik ma ƙara mata ƙarfi yake yi. Ruwa mai tsinkewa mai ƙarni, wanda warinsa ke ƙaruwa bayan saduwa, yana nuna rikicewar ƙwayoyin da ke zaune a gaban mace. Ruwa mai kama da mugunya daga gaban namiji tare da zafin fitsari yana nuna gonoriya ko kilamidiya, waɗanda ta saduwa ake ɗaukar su.

Ciwon mafitsara shi kaɗai ba ya kawo fitar ruwa daga gaba. Saboda haka idan kin je wurin likita, kada ki ce "sanyi nake da shi" ki yi shiru. Faɗi abin da kike gani da abin da kike ji, da ranar da ya fara. Kunya a nan tsada take jawowa.

Gaskiya ne a banɗaki ake kwasar shi?

Wannan magana ta yi ƙarfi a bakin mutane, amma ba haka ciwon ke shiga ba. Kamar yadda aka faɗa a amsar farko, ƙwayar daga jikin mutum take fitowa, ta taso daga dubura ta nufi gaba. Tururin masai ko zama kan tangaran ba ya tura ta cikin mafitsara. Abin da ƙazamin banɗaki ke jawowa shi ne riƙe fitsari: ɗaliba a makarantar kwana, ko mai sayar da kaya a kasuwa, ko matafiyi a mota, su daure tun safe har la'asar. Fitsarin da ya daɗe a mafitsara kamar ruwan kududdufi ne, komai ya faɗa ciki sai ya samu wurin yaɗuwa.

Me ya sa mata suka fi kamuwa?

Halitta ce. Bututun fitsarin mace bai wuce santimita 4 ba, na namiji kuwa ya kai kusan 20, ga shi na macen yana kusa da dubura. Tafiyar ƙwayar gajeriya ce. Shi ya sa kusan rabin mata sukan gamu da ciwon aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu, har da masu tsananin tsafta. Ba shaidar ƙazanta ba ne, bai kamata a riƙa yi wa mace gori da shi ba.

Tun da na yi aure nake fama da shi. Mijina ne ya sa min? Sai an yi masa magani shi ma?

Amare da yawa na gamuwa da wannan a makonnin farko. Saduwa kan tura ƙwayoyin da ke bakin gaba zuwa cikin bututun fitsari, ko da mijin lafiyarsa ƙalau. Don haka ciwon mafitsara ba ya cikin cututtukan da ake ɗauka daga wani, kuma ba dalilin zargi ba ne. In gwaji ya nuna shi ne, ke kaɗai za a yi wa magani.

Inda ake haɗawa da miji shi ne idan an gano gonoriya, kilamidiya ko tirikomonas (ita ma cutar saduwa ce). A nan dole a yi wa kowa magani lokaci guda, har da abokan zama in akwai, a kuma dakata da saduwa har a gama. In ba haka ba za a yi ta miƙa wa juna.

Wane gwaji ake yi, kuma yaya ake ɗibar fitsarin?

Akwai gwajin nan-take da ake tsoma wani ɗan tsinken takarda cikin fitsari, ya canza launi idan akwai alamar ƙwayoyin cuta. Yana taimakawa, amma ba ya faɗin wace ƙwaya ce. Wanda ke faɗa shi ne wanda za ka ga an rubuta M/C/S a takarda. Ana shuka fitsarin a ɗan faranti, ƙwayar ta tsiro, a gane ta, sannan a gwada mata magunguna a ga wanda ke kashe ta. Yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3. A sakamakon, harafin S a gaban sunan magani na nufin zai yi aiki, R kuwa na nufin ƙwayar ta fi ƙarfinsa.

Yadda aka ɗebi fitsarin shi ne rabin gwajin. A karɓi kwalbar ɗakin gwaji, kada a zo da fitsari a robar lemo ko kwalbar tsohon magani. A yi tsarki da ruwa tukuna, a bar farkon fitsarin ya zuba, a tari na tsakiya, a rufe, a miƙa cikin awa 2. Mai al'ada ta sanar da su. Babban abu kuma, a ba da fitsari kafin a haɗiyi ƙwayar antibayotik ko ɗaya. Mutane da yawa sai sun sha magani kwana biyu sannan su je gwaji, sakamako ya fito ba a ga komai ba, su ce ɗakin gwajin ne bai iya aiki ba.

Ba kowa ne sai ya jira wannan sakamako ba. Matashiyar da ba ta da ciki, alamunta a fili, likita na iya fara mata magani nan take. Amma mai ciki, namiji, yaro, mai ciwon suga, da wanda ciwon ke yi masa dawo-dawo, waɗannan shuka fitsarin ya kamace su.

Wane magani ake sha, kuma na kwana nawa?

Antibayotik ne maganinsa, wanda likita ya zaɓa. Ga mace mai ciwon mafitsara kaɗai, nitrofurantoin na cikin na sahun gaba, ana shan sa kwana 3 zuwa 5 tare da abinci. Yakan rina fitsari ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, kada wannan ya tsorata ki. Akwai kuma fosfomycin, gari ne da ake damawa a sha sau ɗaya tak. Namiji kan sha magani aƙalla kwana 7. Ciwon ƙoda kuwa yakan ɗauki kwana 7 zuwa 14, wani lokaci a fara da allura irin ceftriaxone, kuma nitrofurantoin ba ya yi masa aiki domin ba ya taruwa a naman ƙoda.

Akwai abin da ya shafe mu sosai: masu ƙarancin sinadarin G6PD a jini, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma musamman ga maza, nitrofurantoin da Septrin na iya farfasa musu jini. Wanda ya san yana da shi, ko ya taɓa yin shawara da baƙin fitsari bayan shan wani magani, ya faɗa wa likita tun kafin a ɗauki biro.

Flagyl da ake yawan haɗawa a ƙullin "maganin sanyi" ba ya kashe E. coli. Don zafin kuwa, farasitamol ya wadatar, da ɗumama mara da tsumma mai ɗumi, da shan ruwa. Ya kamata a fara jin sauƙi cikin kwana 2. In ba a ji ba a koma, kada a ƙara wani magani a kai da ka.

Na sha magani kala-kala amma bai tafi ba. Me ke faruwa?

Abu uku ne aka fi samu. Ko dai tun farko ba ciwon mafitsara ba ne, kamar yadda aka yi bayani a tambayar ƙaiƙayi da farin ruwa. Ko akwai abin da ke hana fitsari fita duka, irin tsakuwar ƙoda. Ko kuma ƙwayar ta riga ta saba da maganin.

Na ukun nan shi ne abin tsoro, kuma da hannunmu muke gina shi. A sayi kafso huɗu na Ampiclox saboda kuɗin da ke hannu ke nan, a sha biyu, a ji dama-dama, a ajiye biyu don wani karon. Raunanan ƙwayoyin su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Da haka ne ampicillin da Septrin suka daina tasiri a kan E. coli a wurare da yawa, ciprofloxacin ma ya bi hanya. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin da suka bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a shekarar 2019, yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, kuma E. coli ce kan gaba a cikin ƙwayoyin. Kuɗin gwajin M/C/S na iya yi wa mutum nauyi, gaskiya ne. Amma wanda ya lissafa abin da ya kashe a kemis cikin wata uku zai ga ya ninka shi.

Maganin gargajiya fa, da jiƙon kanwa?

Mai lasifika a kasuwa da ke cewa kwalba ɗaya na maganin sanyi da basir da shawara da ƙarin ƙarfi, bai san wace ƙwaya ke jikinka ba, bai kuma auna abin da ƙodarka za ta iya ɗauka ba. Wasu haɗe-haɗen suna lalata ƙoda, ita kuwa ba ta kuka sai ta kusa gajiya. Sauƙin da wasu ke ji bayan shan jiƙo yawanci daga yawan ruwan da suka sha ne, kuma ƙaramin ciwon mafitsara kan lafa da kansa wani lokaci. Kanwa ba ta kashe ƙwayar.

Abin da ya fi wannan illa shi ne matsi da cushe-cushen da ake yi a gaba, da wanke ciki da sabulu ko Dettol. Gaban mace na da ƙwayoyi masu amfani da ke tsare ƙofa, waɗannan abubuwa su suke fara kashewa.

Yaushe abin ya zama na gaggawa?

Idan zazzaɓi mai rawar ɗari ya shigo, da ciwo a kwiɓi ko bayan haƙarƙari, da tashin zuciya ko amai, to ciwon ya kai ƙoda, a tafi asibiti ranar. Idan mutum ya fara ruɗewa, numfashinsa ya yi sauri, jikinsa ya saki, ko fitsari ya ɗauke gaba ɗaya, ƙwayar na iya zama ta shiga jini, wannan ko tsakar dare ne ba a jiran safiya. A guji diclofenac da ibuprofen a wannan hali, suna ƙara wa ƙoda nauyi.

Tarkon da aka fi faɗawa a ƙasarmu shi ne ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin maleriya ko taifod. In an gwada maleriya ba a gani ba, ko an sha maganinta zazzaɓin bai sauka ba, a nemi a duba fitsari.

Ina da ciki, a wurin awo an ce akwai ƙwayoyin cuta a fitsarina, ni kuwa ba na jin komai. Dole in sha maganin?

Dole ne, Hajiya. Ciki na sassauta bututun nan biyu da ke sauko da fitsari daga ƙoda, mahaifa kuma ta danne su, sai ƙwayar ta samu sauƙin hawa. Cikin matan da aka bari ba magani, kusan ɗaya cikin huɗu kan kai ga ciwon ƙoda, wanda ke iya jawo haihuwar bakwaini ko jariri maras nauyi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin awon ciki da ta fitar a 2016, ta ce a yi wa irin waɗannan mata magani na kwana 7.

Amma mai ciki ba ta sayen magani da kanta. Ciprofloxacin ba na masu ciki ba ne, Septrin ana guje masa musamman a watannin farko, nitrofurantoin kuma ana daina ba da shi idan haihuwa ta matso. Bayan an gama shan maganin yana da kyau a sake gwaji.

Ni namiji ne, me ya haɗa ni da wannan ciwo?

Yana kama maza, sai dai bai cika yi ba kafin shekara 50, shi ya sa idan ya zo ake neman dalili. Ga saurayi ko magidanci mai zafin fitsari, akan fara duba cututtukan saduwa. Ga dattijo kuwa, galibi furostet ce, wata tsoka da ke zagaye da bututun fitsari a ƙasan mafitsara. Tana girma da shekaru ta matse hanya. Baba zai daɗe a tsugune kafin fitsari ya zo, ya zo ba ƙarfi, ya tashi sau da yawa cikin dare, kuma kullum da saura a ciki. In ba a kula da furostet ɗin ba, antibayotik hutu kawai zai ba shi.

Yarona na fitsarin jini. Sanyi ne?

A tambaye shi ko yana wanka a rafi, dam ko fadamar shinkafa. Jinin da ke ɗigowa a ƙarshen fitsari ga yaro mai shiga irin wannan ruwa yawanci tsargiya ce, tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗi ta huda fata. Maganinta praziquantel, antibayotik ba ya taɓa ta. Ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka, kuma in ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda.

Shi kuwa ciwon fitsari na bakteriya a jikin ƙananan yara ba ya zuwa da bayani. Zazzaɓi ne kawai, da ƙin nono, da amai, da rigima, ko yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo yana yi. Jaririn da bai kai wata 3 ba in ya yi zazzaɓi, asibiti kai tsaye. Taurin bayan gida na daga cikin abin da ke jawo wa yara ciwon, kuma wanda ya maimaita masa akan yi masa hoton ƙoda.

Nawa yana tafiya yana dawowa. Me zan yi in rage shi?

Likitoci na kiran sa mai maimaituwa idan ya zo sau 2 cikin wata 6, ko sau 3 cikin shekara. Abin da ya fi samun hujja shi ne mafi araha. A wani bincike da aka buga a 2018, matan da ba su cika shan ruwa ba aka sa suka ƙara lita ɗaya da rabi a kullum, wato leda uku ta fiya wata, ciwon ya ragu musu da kusan rabi cikin shekara. Sai barin riƙe fitsari, da yin fitsari bayan saduwa, da yin tsarki daga gaba zuwa baya, a wanke hannu da sabulu kafin a koma gaba. A riƙa canza audugar mata a kan kari. Lokacin azumi, musamman in ya faɗo a bazara, a rarraba shan ruwa daga buɗe-baki zuwa sahur maimakon a ɗura shi lokaci guda.

In duk an yi wannan bai daina ba, a gwada suga, a yi hoton ƙoda da mafitsara. Ga matar da al'ada ta ɗauke mata, akwai man estrogen, wato sinadarin jikin mace da ke raguwa idan al'ada ta ɗauke, da likita ke rubutawa a riƙa sawa a gaba, yana rage dawowar ciwon sosai. Wasu kuma akan ɗora su kan ƙaramin antibayotik na wasu watanni, amma da sa idon likita. Ruwan 'ya'yan itacen cranberry da ake tallatawa yana ɗan rage maimaituwar ga wasu mata, sai dai ba ya warkar da ciwon da ya riga ya kama, ga tsada.

Yana hana haihuwa?

Ciwon mafitsara ba ya toshe mahaifa, hanyarsu daban. Waɗanda ke toshe hannun mahaifa idan aka bar su su ne gonoriya da kilamidiya, kuma kilamidiya kan zauna shiru ba alama. Matar da ta shekara tana shan "maganin sanyi" don neman haihuwa, gara ita da mijin su je a bincike su tare.

Mahaifiyata tsohuwa ce, an sa mata robar fitsari. Gwaji kullum sai ya nuna ƙwayoyin cuta. A ci gaba da ba ta magani?

A'a, sai in da alamun ciwo. Duk wanda roba ta daɗe a jikinsa za a samu bakteriya a fitsarinsa, haka ma tsofaffi da yawa ko ba roba. Ban da masu ciki da waɗanda za a yi wa aiki a hanyar fitsari, ba a yi wa sakamakon takarda magani. Yin hakan ƙwayoyi masu taurin kai kawai yake haifarwa, irin waɗanda aka ambata a sama.

Abin da mai jinya zai lura da shi: jakar fitsarin ta kasance ƙasa da mafitsara kullum, kada a ɗora ta kan cinya ko kan gado, kada kuma ta ja ƙasa. A wanke hannu kafin a juye ta da bayan an juye, a tabbata robar ba ta lanƙwashe ba, a canza ta a ranar da aka ce. Duk zuwa asibiti a tambayi likita ko har yanzu ana bukatar robar. Idan Mama ta yi zazzaɓi, ko ta fara ruɗewa ba kamar yadda aka saba ba, ko fitsari ya daina sauka cikin jakar, a kai ta a ranar.